Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A Karoo, bayan Williston,
inda shingen waya ke tafiya har ido ya gaji ya ƙyale shi,
ubana Jafta ya tsuguna gaban tsirrai uku
da ko gwiwa ba su kai ba.
Ya ce, Mietjie, kira mini sunayensu.
Na ce, ai duk ɗaya ne, Baba, ciyawar fako.
Ya yi shiru
har farfelar rijiya ta juya sau bakwai.

'Yan ɗaki guda ne, in ji shi, ban musa miki ba.
Dubi furen: abin da kike kira ɗaya
taro ne na ƙanana, sun cunkushe a kai guda
kamar mu a amalanken jaki ranar Lahadi.
Amma kama da wane ba wane ba ne.

Wannan mai furfurar, ankerkaroo.
Kin ga reshenta ya rusuna, ya taɓa ƙasa,
ya kafa saiwa a inda ya durƙusa?
Ita ke riƙe gangaren nan in ruwa ya zo da fushi.
Murza ganyen. Shaƙa.
Shi ne ƙamshin da kike ji a naman rago
kina cewa hannun uwarki ne.

Waccan kapokbos ce.
Ba a gane ta da gaggawa.
Bari furen ya faɗi, za ta yi farin gashi kamar auduga,
tsuntsaye su sata su shimfiɗa a sheƙa.

Ta ukun kore ce shar,
ganye siri-siri, mai danƙo a yatsa,
fure rawaya kamar maɓallin riga.
Ya ce, tauna.
Na tauna, na tofar,
ɗacin ya kwana biyu a harshena.
Bitterbos, in ji shi. Ki tsorace ta
a shekarar da ita kaɗai ke dariya.

Shekarar ta zo.
Yana ta rufe idanun Baba, ya koma zama a inuwar ɗaki.
Wata goma sha huɗu sama ba ta ce uffan ba.
Tumaki na kuka, haƙarƙari a waje,
ga gangaren arewa can yana sheƙi, kore.
Na san sunanta. Na buɗe ƙofar shingen duk da haka.

'Yan raguna suka zo lafiya, na ce na tsira.
Kafin sati biyu gashinsu ya fara zuba,
goma sha ɗaya, tsirara kamar 'yan tsaki a ƙwai,
rana ta gasa su, sanyin dare ya ƙarasa.
Na yanka buhunan masara na ɗinka musu riguna.
Huɗu suka rayu.

Baba bai yi faɗa ba.
Ya kamo gefen zanena, ya sansana,
ya ce, kin je arewa.
Can kuma ya ce, ba ta zuwa sai an gayyace ta.
Inda ta yi yawa, mu muka cinye 'yan'uwanta,
ni da ubana, tun ba a haife ki ba.
Kasona na ɗacin nan ya fi naki.

Bara muka binne shi a bayan rijiya.
Ban dasa komai ba.
Wani reshe mai furfura ya rarrafo da kansa,
ya durƙusa ta wajen kai.

Jiya wani ɗalibi ya zo daga Stellenbosch
da littafi da gilashin ƙara girma,
yana ƙirga ɓawon da ke ƙarƙashin fure,
yana kiran sunaye masu tsawo kamar addu'a.
Ƙirgarsa daidai ce, na duba.
Amma kafin ya shiga mota
na tsinko ganye kore, na miƙa masa.
Na ce, tauna.